Mil 125 Cikin Kwale-kwale Don Taimakon Wani

Na roƙi Edita ya ba ni fili in yi magana a kan wata al'ada ta mutanen Ingila, wadda in mutum ya fara jin labarinta sai ya yi dariya, amma in ya zauna ya auna ta sai dariyar ta ragu. Al'adar kuwa ita ce, mutum lafiyayye, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya aike shi, ya shiga ɗan ƙaramin kwale-kwale ya yi ta tuƙi yini da kwana har tafin hannunsa ya yi bororo, wai don jama'a su tara kuɗi a kai wa asibiti ko gidan marayu. Ni dai ina ganin abin yana da kyau, har ma ina so mu ɗalibai mu yi tunanin yin irinsa. Amma akwai hanyoyi da yawa da zai lalace, kuma in an ɗauko shi yadda ya ke aka kawo ƙasarmu ba zai zauna ba. Saboda haka bari in fara da bayyana yadda su ke yi.

Akwai wani ɗan gari a kudancin Ingila, cikin lardin Wiltshire, ana kiransa Devizes. Daga nan zuwa gadar Westminster da ke tsakiyar birnin Landan, dab da Majalisar Dokokin ƙasar, mil 125 ne in an bi ta ruwa, watau kilomita 200 da ɗoriya. Cikin 1948, lokacin hutun Ista, waɗansu samari 4 'yan Sikawut na garin suka ce za su kai Landan cikin kwale-kwale kafin awa 100 ta cika, mutanen gari kuwa suka yi alkawarin za su sa wani abu cikin asusun ƙungiyarsu in sun iya. Suka ɗauki guzurinsu da shimfiɗarsu, suka kama hanya, suka isa cikin awa 89 da minti 50. Ku lura, tun ran farko da neman taimako aka soma abin. Da waɗansu suka ji labari sai suka ce su ma za su gwada, har ya zama tsere na kowace shekara, ba a fasa shi sai da babban dalili, kamar 2001 da cutar shanu ta sa aka hana yawo cikin karkarar Ingila, da 2020 lokacin annobar korona.

Kada wani ya zaci kogi ne mai gudu mutum zai hau ya zauna ruwa ya kai shi. Mil 50 da 'yan kai na farko wata hanyar ruwa ce wadda aka gyara, aka haƙa wani sashenta da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce domin jiragen dako, ta haɗa kogin Kennet da kogin Avon. Ruwan farkonta a kwance ya ke kamar na tafki, ba ya tura ka ko taki ɗaya, duk inda ka kai ƙarfin damtsenka ne ya kai ka. Tun da ya ke ƙasar tana da hawa da gangara, an gina ƙofofi masu tare ruwa a bisa hanyar. Jirgi ya kan shiga tsakanin ƙofa biyu, a ƙara ruwa ko a rage, shi kuwa ya hau ko ya sauka kamar mai taka matakala. To, mai tsere ba shi da lokacin jiran wannan. Da ya iso ƙofa sai ya fito, shi da abokin tuƙinsa su saɓa jirgin a kafaɗa, su ruga da shi ta gefe, su sake jefa shi a ruwa, su shiga. Sau 77 a ke yin haka kafin a kai Landan. Har wa yau akwai wani rami da aka huda ƙarƙashin tudu, tsawonsa yadi 502, tilas a bi ta cikinsa a duhu. Sai an kai garin Reading sa'an nan a ke faɗa wa kogin Tems.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, ni da na ke koyon aikin malanta, shi ne lissafin da ke ciki. Kamar mil 17 na ƙarshe, daga wani wuri da a ke kira Teddington, ruwan teku ne ke mulkin kogin. Ya kan cika ya hau sama, sa'an nan ya janye, sau biyu kowane yini da kwana. Mai ƙaramin jirgi wanda ya riga ya yi mil 100 ba zai iya yin kokawa da ruwa mai hawa ba, tilas ya isa Teddington daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa, domin ya tafi tare da shi. Saboda haka manyan da ke tafiya ba tsayawa, su ne ke zaɓen lokacin tashinsu daga Devizes. Kowane jirgi sai ya zauna ya ƙidaya, mil nawa mu ke yi a awa, minti nawa kowace ƙofa za ta ci mana, nawa gajiya za ta rage mana da dare. In suka fifita kansu bisa ga abin da su ke iyawa, sai su makara, su tarar ruwa ya juya, su zauna bakin gaɓa awa da yawa cikin jiƙaƙƙun tufafi suna jiran wani janyewar. Lissafin nan na nisa da sauri da lokaci, wanda mu ke rubuta wa yara a allo suna hamma, ga inda mutum ke biyan kuskurensa da jikinsa.

Ga kuma sanyi. Ista a Ingila tana faɗuwa cikin Maris ko Afril, sa'ad da dare ke iya yin sanyin da ya fi na tsakiyar hunturunmu nesa ba kusa ba. Masu tuƙi su kan kwana bisa ruwa da 'yar fitila, hannu ya sandare, baya ya ƙage, barci yana fizgarsu. Kowane jirgi yana da mutanensa a tudu, uba ko mata ko abokai, waɗanda ke bin hanya cikin mota suna tarye su ƙofa ƙofa. Da jirgi ya fito sai su bi shi a guje, wannan ya tura wa mai tuƙi loma a baki, wancan ya sake masa goran ruwa, gama hannuwansa suna riƙe da jirgi. Su ma ba su barci. In an ba da labarin tseren ba a cika ambatonsu ba, amma ba jirgin da ke yin wannan tafiya da sauri in ba su.

Gwanaye su kan gama cikin ƙasa da awa 20. Cikin 1979 waɗansu mutum biyu, Brian Greenham da Tim Cornish, suka yi ta cikin awa 15 da minti 34, ba wanda ya fi su har shekara 44, sai a 2023 Keith Moule da Tom Sharpe suka rage 'yan mintoci. Amma galibin masu shiga ba neman na ɗaya su ke yi ba, su dai su ga gadar nan, ko da za su wuce awa 24. Da yawa kuwa ba su ganinta. Steve Redgrave, wanda ya ci lambar zinariya ta wasannin Olimfik sau 5 a tseren jirgin ruwa, ya shiga a 2012, ya wuce mil 80, sa'an nan jiki ya ƙi, ya fita. 'Yan makaranta kuma suna da nasu rabo. Su a kan raba musu tafiyar kwana 4, su yada zango a Newbury, da Marlow, da wajen Teddington, su kwana cikin tanti, ran Litinin da sassafe su shiga Landan.

To, ina kuɗin ke fitowa? Tun watanni kafin ranar, mai tuƙi ya kan zaɓi inda ya ke so a taimaka, ya sanar da dangi da abokan aiki da maƙwabta. A da takarda ya kan bi da ita gida gida, kowa ya rubuta sunansa da abin da zai bayar, wani ya ce kaza a kan kowane mil, wani ya ce kaza in ka kai. Yanzu galibi ta intanet a ke yi, kuɗin ya wuce kai tsaye zuwa ƙungiyar da aka ambata, bai ko bi ta aljihun mai tuƙi ba. Dokar ƙasarsu ma tana taimakon abin, gama in mai bayarwa yana biyan haraji, ƙungiyar tana iya karɓo ƙari daga gwamnati, har fam 4 ya zama fam 5.

Waɗansu sun kai abin nesa da haka. Cikin 2010 wata mace, Helen Skelton, wadda a lokacin ta ke gabatad da shirin yara a talabijin na BBC, ta tuƙa ɗan jirgi ita kaɗai mil 2,010 bisa kogin Amazon, daga ƙasar Peru har cikin Barazil, wajen mako 6 tana tafiya, domin asusun taimako da a ke kira Sport Relief. Kada kuma mu ce wannan halin Turawa ne kaɗai. Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan har Ikko a 2022 domin yaƙi da shan inna. Tunde Onakoya ya zauna awa 60 yana buga darar Turawa a birnin New York cikin Afril 2024 domin ilmin yara. Ashe mu ma mun fara, ruwa ne kawai ba mu cika shiga ba.

Da na kawo wannan magana a ɗakin kwananmu, wani abokina ya yi mini tambayar da kowane mai hankali zai yi. Ya ce, in Malam wane yana da naira dubu da zai ba marayu, me ya hana shi bayarwa tun jiya? Me bororon hannun wani ya ƙara wa marayan? Gaskiyarsa, bororo ba ya ciyad da kowa. Amma sai na tambaye shi, shi kansa yaushe rabon da ya tashi haka kawai, ba wanda ya tambaye shi, ya kai kuɗi gidan marayu? Ya yi shiru, ni ma da ya mayar mini da tambayar shirun zan yi. Yawancinmu ba marowata ba ne, mantuwa ce ke gare mu, da jiran gobe. Sai wani wanda muka sani ya tsaya gabanmu ya tambaya sa'an nan hannu ke shiga aljihu. Tambaya kuwa tana da nauyi. Mutum mai mutunci ba ya son ya bi ƙofa ƙofa yana cewa a ba shi, ko da ba don kansa ba ne. Wahalar tuƙin ita ce ke ɗauke masa wannan kunya. Ya zo maka da abin da ya riga ya ajiye, watau barcinsa da ƙarfinsa da watanni na shiri cikin sanyi, ya ce ga nawa, ina naka? Wannan ya fita daga bara ya zama tayi tsakanin tsara da tsara.

Mu da muka tashi a ƙauye mun san irin wannan tun ba mu ji sunan Devizes ba. In za a yi gayya a gonar gwauruwa ko ta tsoho, wanda ya kira gayyar shi ne ke fara duƙawa, shi ne kuma na ƙarshen miƙewa. Wanda ya kira mutane ya koma gindin bishiya yana nuni da baki, baɗi ba mai amsa kiransa. Mai tuƙin nan mai kiran gayya ne, jirginsa kuwa fartanyarsa. Bambancin dai guda ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: fartanyar mai gayya tana nome gonar da kanta, shi kuwa filafilin mai tsere ruwa kawai ya ke kaɗawa. Saboda haka duk darajar abin ta rataya ne bisa ga abin da ya isa hannun mabukata.

Wani kuma ya ce mini abin riya ne, gama a majami'a da masallaci duka an koya mana mu ɓoye sadaka. Wannan magana ta fi ta farko nauyi, kuma ba na musun akwai masu shiga don a gan su. Amma a duba da kyau a ga wane ne mai sadakar. Masu bayarwa su ne mutum 50 ko 100 ɗin nan da suka sa hannu a aljihu, kowannensu kuwa yana iya ɓoye sunansa in ya so. Mai tuƙi sanƙira ne kawai, sanƙira kuwa ba ya shela a ɓoye. Abin da ke cikin zuciyarsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. In ma da son yabo ya shiga, na tabbata wajen ƙarfe 3 na dare, a ƙofa ta 60, cikin sanyi, ba mai kallo sai matarsa da fitila, yabon nan ba zai ɗumama shi ba.

Abin da ni na ke tsoro dabam ne, shi ne kuɗin tafiyar kanta. Jirgin tsere yana da tsada, ga filafili, ga tufafin sanyi, ga kuɗin shiga, ga man motar masu bin gaɓa, ga abinci. Tafiya irin ta Amazon kuwa, da babban jirgi mai bin ta a baya aka yi ta, da masu ɗaukan hoto, wanda ba kowa ke da gidan talabijin da zai tsaya masa haka ba. In mutum ya tara dubu ɗari, ya cire dubu saba'in ya ce kuɗin hanya ne, to, jama'a sun biya masa yawon shan iska ne, marayu kuwa an ara sunansu. A nan ne abin kirki ke juyewa ya zama cuta, kuma ba lalle sai mutum ya yi niyyar cuta ba. Kaɗan kaɗan a ke yi, yau kuɗin mota, gobe na magani, jibi na hoto.

Don haka ni a ganina doka guda ce ba ta da sassauci. Mai tuƙi ya biya kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa, ko wani ya biya masa a fili da sunan kuɗin tafiya, abin da aka tara domin taimako kuwa kada a taɓa ko kwabo. A faɗi tun da fari abin da za a saya da wanda za a ba. Kada kuɗi ya kwana hannun mai tuƙi, a sami mutum biyu amintattu su riƙe, in an gama a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna a allon sanarwa inda kowa zai karanta, tare da rasit. Na san wani zai ce wannan rashin yarda ne da 'yan'uwa. Mu da za a ba amanar kuɗin jarrabawa da na littattafan 'ya'yan mutane nan da shekara ɗaya ko biyu, gara mu saba da a bincike mu tun yanzu.

In kuma mutum ya gaza a hanya fa? Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, haka ne, kuma wannan nauyin alkawari shi ne ke tashe mai tuƙi da asuba watanni kafin ranar. Amma alkawarin da zai sa yaro ya ci gaba da tuƙi bayan jikinsa ya ce a'a, har ya kife cikin duhu, mugun alkawari ne. Shi ya sa na fi son tsarin nan na kaza a kan kowane mil. Wanda ya yi mil 80 ya fita ya kawo na mil 80, ba kunya a ciki. Mai bayarwa kuma in yana da kirki ya cika sauran, gama maraya ba shi ne ya gaji ba.

Yanzu bari in juyo gida, domin a nan ne maganar ta fi yi mini wuya. Muna da Kwara, mai tsawon wajen mil 2,600, muna da Binuwai da ke tarad da ita a Lakwaja. A bakinsu akwai dubban mutane waɗanda tuƙi ne abincinsu: Nufawan bakin ruwa, da Kakanda, da Jukunawa, da Sarkawa can wajen Yawuri da Argungu. Abin da Baturen Devizes ke yi sau ɗaya a shekara a tafa masa, su kullum su ke yi, da lodin doya ko na kifi, ba mai ba su ko sannu. A littafin tarihi mun karanta Richard Lander da ƙanensa John sun sauko Kwara cikin kwale-kwale daga Busa har teku a 1830, amma in ban da Pasko, Bahaushen da ya yi musu tafinta, sunan mutum nawa muka riƙe cikin waɗanda suka yi musu hidima a wannan tafiya? In mu 'yan makaranta muka shiga jirgi da fararen riguna muna neman a yaba mana don mun yi kwana biyu muna abin da tsohon masunci ya yi shekara 40 yana yi, lalle za mu zama abin dariya, kuma mun cancanta.

Duk da haka ina cewa mu yi, saboda abin da ruwan nan ke yi wa mutanensa. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari, wajen Bagwai cikin Jihar Kano, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Cikin Yuni 2023 wani ya kife a Kwara wajen Pategi, da dare, da 'yan biki suna komawa gida, aka rasa fiye da mutum 100. Tsakanin waɗannan, da bayansu, an yi waɗansu da yawa, har kunnenmu ya saba. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne: lodi ya wuce kima, jirgin katako ya tsufa, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, sa'an nan ba rigar ceto a jikin kowa. Cikinmu akwai waɗanda za a tura makarantun da yara ke ƙetare ruwa safe da yamma kafin su zo aji. In akwai abin da ya dace a tara wa kuɗi ta hanyar tuƙi, ai shi ne rigunan ceto domin irin waɗannan yara. A nan wahalar mai tuƙi da bukatar wanda a ke taimako sun zama abu guda, gama ruwan da ya ke kai shi ne ruwan da su ke tsoro. Ko jirgin kansa wa'azi ne, in mutanen kowane mashigi suka ga samari da 'yammata masu ilmi sun wuce kowa da rigarsa a ɗaure.

Amma ba kwaikwayon Devizes za mu yi ido rufe ba. Su suna alfahari da kwana bisa ruwa, mu kuwa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai babban ofishi a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, kuma zai zama abin kunya masu wa'azin kiyaye rai su karya wannan doka. Tsarin 'yan makarantarsu ya fi dacewa da mu, watau a tashi da safe, a yada zango kafin la'asar sakaliya, kwana 3 ko 4. Kogin Tems ba shi da dorina, Binuwai kuwa tana da ita a waɗansu wurare. Lokacin cikar ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, ba na ɗan koyo ba ne, balle shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru kamar 2012 da 2022. Da bazara kuma yashi ke tsare hanya. Akwai tsargiya a ruwan da ke kwance, akwai kuma yankunan da rashin zaman lafiya ya hana baƙo sauka. Ba ɗayan waɗannan da za mu sani daga taswira. Sai mu je wurin Sarkin Ruwa da sarakunan garuruwan da za mu bi, mu nemi izini, mu roƙi a ba mu gwani guda cikin kowane jirgi, a biya shi ladansa cikakke, in kuma an zo rubuta labari a sa sunansa gaba da namu.

Na san riguna 100 ko 200 ba za su gyara Kwara da Binuwai ba. Hana lodi fiye da kima, da share kututture, da gina gada inda ya kamata, aikin hukuma ne, kuma kada taimakonmu ya zama dalilin da za ta miƙe ƙafa. Na kuma ji ana cewa a waɗansu wurare an raba riguna, mutane suka ƙi sawa, wai zafi, wai mai sawa bai dogara ga Allah ba, ko kuwa aka kulle su a ɗaki har ɓera ya ci. Wannan ya nuna a zuba riguna a gari a juya ba shi da amfani. A ba makaranta guda ko biyu, a hannun babban malami da iyayen yara da mai fito, a ƙidaya su kowane zango, a koya wa yaran ɗaurawa kamar yadda a ke koya musu layi da safe. Wannan kuwa aikin malami ne tsantsa, ba kuɗi a cikinsa sai naci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Devizes su kan yi watanni suna shiri, har da koyon yadda mutum zai fita in jirgi ya kife da shi. Mu namu shirin daga can ƙasa zai fara, gama na tambayi 'yan ajinmu su nawa suka iya iyo, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma cikinsu akwai wanda na ke shakka. Saboda haka ba na roƙon Shugaban Makaranta jirgi a wannan zango. Abin da na ke roƙo shi ne a yarda mana da yammacin Asabar, da malami guda mai kula, da masunci guda wanda za mu biya daga kuɗin aljihunmu, mu koyi iyo a wuri marar zurfi har rani ya ƙare. Wanda ke so, namiji ko mace, ya ba Edita sunansa kafin hutu, ya kuma faɗi gaskiya ko ya taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa.